Nana Asma'u Ƴar Shehu da Hikimar Ɗaure Labari da Kari

Ɗalibin da ya tashi a Madarunfa, ko Maraɗi, ko Tsibirin Gobir, idan ya ɗauki waƙoƙin Nana Asma'u zai tarar da kakanninsa a ciki, amma a sahun abokan gaba. Ita ƴar gidan da ya fitar da tsofaffin sarakunan Katsina da na Gobir daga biranensu ce, kuma ta yi waƙa a kan yaƙin da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda ya rasa ransa a cikinsa. Duk da haka, Hausar da ta rubuta ta fi kusa da bakinmu a kan daidaitacciyar Hausar da muke karatu da ita a jami'a, har ma kunnen mutumin Gulbi yakan ji karin baitinta a wurin da mai bin rubutun boko yake tuntuɓe.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda shi kuma aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da Hassan, amma Shehu bai bi al'ada ya kira ta Husaina ba, sai ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa mahaifiyar Muhammadu Bello. A Ɗegel karatu ba na maza kaɗai ba ne. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi da lugga, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa. Abin da ya biyo baya ta gan shi da idonta: nasarar Tafkin Kwatto, asarar malamai da mahaddata a Tsuntsuwa, yunwa da cuta a kan hanyar Zamfara, tsananin Alwasa, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru na ƙaura aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ɗansu Abdulƙadir shi ya gaji wazircin. Shehu ya zauna Sifawa, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Yarinyar da ta taka waɗannan hanyoyi da ƙafa ita ce bayan shekara talatin da wani abu ta jera sunayensu cikin baitoci.

Aikinta na farko da ya shahara a waƙe ya zo a 1822, lokacin da taron Gobirawa da Buzaye ya matso kusa da Sakkwato. Bello ya bar mata waƙar Larabci wadda harufan farkon baitocinta, in an haɗa su, suke ba da aya ta biyar ta Suratu Alam Nashraha, ayar da ke alkawarin sauƙi tare da tsanani. Ta mayar masa da amsa da Fulatanci bisa wannan tsari. Ayar harafi goma sha huɗu ce, don haka waƙar baiti goma sha huɗu ce, ba ƙari ba ragi. Mai wannan aiki ya ɗaure kansa ta fuska uku a lokaci guda: harafin farkon baiti an riga an yanke masa shi, amsa-amon ƙarshe an yanke masa shi, tsakaninsu kuma kari yana ƙidaya masa gaɓoɓi. Kuma harufan Larabci ne ake nema wa kalmomin Fulatanci. Tun daga nan ake gane cewa mace ce mai son ƙa'ida mai tsauri, wadda ƙuncin tsari yake ƙara wa kaifi.

Karin da ta yi aiki da shi aruli ne, ilimin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na takwas, ya fitar da bahari goma sha biyar, almajirinsa Ahfash ya ƙara na sha shida. Dalilin da ya sa wannan ma'auni na Larabawa ya zauna daram a kan Hausa sananne ne ga duk wanda ya yi darasin tsarin sauti. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ita ce sassauƙa, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Biyun ƙarshe su ne masu nauyi, haka kuma abin yake a Larabci. Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan wannan tun 1949, Mervyn Hiskett ya faɗaɗa a littafinsa na 1975, M.K.M. Galadanci kuma a wannan shekarar ya kwatanta haɗuwar harsunan biyu a waƙa da aure. Misali na kusa da gida ya isa. Kalmar Gobirawa gaɓa huɗu ce: mai nauyi, sassauƙa, mai nauyi, mai nauyi, wato ƙafar faa'ilaatun cikakkiya. Kalmar Katsinawa ita ma huɗu ce, sai dai ta farkonta sassauƙa ce, wato ita dai wannan ƙafa bayan zihafin habni ya rage mata nauyin farko. Mawaƙin da ke ba da labarin yaƙi yana iya sa ko wacce daga cikin biyun a gurbi ɗaya, baiti bai karye ba. Amma bai isa ya sa Sakkwato a wannan gurbi ba sai ya nemo mata abin cikawa. Mai waƙar labari kullum cikin wannan ciniki yake, domin sunayen garuruwa da na mutane ba sa lanƙwasuwa, sai dai a gina baitin a kewayensu.

A 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ƙaninta Isa, autan Shehu da aka haifa bayan rasuwarsa, shi ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama ƙwar biyar. Waƙar gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da ƙwace, kuma lokacin da aka fassara ta daular ta riga ta kafu, waɗanda ake yi wa gargaɗin ƴan gida ne. Kowane baiti da kalmomin nan biyu na sunan waƙar yake rufewa. In aka auna su za a ga gaɓoɓi huɗu na ƙarshe sun ba da faa'ilaatun sak, ke nan ƙafar ƙarshe ta kowane baiti a shirye take tun kafin a fara shi. Wasu na ganin irin wannan maimaici sauƙaƙa wa kai ne, mawaƙi ya huta da neman amsa-amo. A ganina akasin haka ne. Neman kalma mai ƙarewa da -na ko -wa ba wuya ba ne a harshen da kusan dukkan kalmominsa da wasali suke ƙarewa. Abin da ke da wuya shi ne a sa kowace jimla, ko ta mai tauye mudu ce ko ta alƙali mai karɓar toshi, ta gangaro ta sauka a kan kalma guda ba tare da an ji an jawo ta da ƙarfi ba. Ga mai sauraro kuwa, maimaicin tamkar hatimi ne da ake bugawa a ƙarshen kowane hukunci.

Shekarar 1836 ita ce ta haɗa tarihinta da namu kai tsaye. Bayan faɗuwar Birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar sarautar Katsina a Maraɗi, ita kuwa ba ta taɓa miƙa wuya ga Sakkwato ba. A Gawakuke rundunar Sarkin Musulmi Bello ta gamu da taron Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda da Buzayen Ibra. An kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsira. Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Gobirawan da suka rage kuma suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi. An kama mata da yara masu yawa aka kai su gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan da ke kewaye. Waɗannan mata Hausa suke ji, ba Fulatanci ba, balle Larabci, kuma sun fito ne daga ƙasar da Inna take riƙe da bori, kamar yadda Iya take riƙe da shi a Maraɗi.

Daga wannan lokaci ne waƙoƙinta na Hausa suka yawaita. Bello ya rubuta littafin nasiha ga mata da Larabci, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci a 1836, sannan da Hausa a 1837, ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan Annabi da ƴaƴansa da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, ta haɗa da matan Jama'ar Shehu da ta sani da idonta. Ta kuma kafa tsarin da aka sani da ƴan taru. Daga ƙauyuka ake taso da ayarin mata, tsofaffi da ƴan mata waɗanda hidimar aure ba ta ɗaure ba, ƙarƙashin jagorancin jaji, su zo gidanta da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su koyi waƙa, su koma su koyar. Ita take naɗa jaji, ta sa mata malfa ta ɗaura jan rawani a kai. Jean Boyd ta lura cewa malfa alama ce ta Innar Gobir. Ke nan Nana ta ɗauki kayan sarautar da matan suka saba girmamawa ta ɗora a kan malama. Mai karatu daga wannan yanki yana da damar ya ga hikima a nan, yana kuma da damar ya tuna cewa da yawa daga cikin matan da aka yi wa wannan tanadi ba da son ransu suka bar gida ba.

Ƴan taru su ne suka bayyana dalilin da ya sa ta riƙe kari da amsa-amo da maimaici haka tamau. Jaji da za ta yi tafiyar yini biyu a ƙasa ba lalle ta iya karanta ajami ba, kuma takarda a wancan zamani kaya ce mai tsada da ake kawowa ta hamada. Abin da ta ɗauko a ka shi ne littafinta. Zube in an manta kalma ɗaya a cikinsa, sai a sa wata a wuce, ba wanda zai sani. Baiti mai kari kuwa in kalma ta faɗi sai ya ɗingisa, mai rerawa ta ji a bakinta, ta koma ta nemo. Kari shi ne mai gadin matani. Haka ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti talatin, da Fulatanci tukuna, sannan da Hausa a 1838. Haka kuma a Kiran Ahmada, ta 1839, ta ba da tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tana rufe kowane baiti da sunan Ahmada. Sunan a ƙarshen ɗango mai nauyi ne, sassauƙa, mai nauyi, kuma da wannan zubi ƙafar ƙarshe ta Kamil da ta Ɗawil suke ƙarewa. Labari yana tafiya daga Makka zuwa Madina zuwa Badar, amma kowane zango a kan suna ɗaya ake sauka, har mai saurare da bai san baitin ba ya san inda zai sa baki.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Rashinsa ya girgiza ta, domin shi ne abokin karatunta da shawararta tun ƙuruciya. Ta yi masa marsiyya, ta sake yin wata waƙa a kan halayensa. Ita da mijinta suka juya ga adana tarihin Jama'a: Giɗaɗo ya rubuta da Larabci a zube, cikin ayyukansa har da Raudul Jinani, ita kuwa ta rubuta a waƙe. A 1839 ta yi Filitago da Fulatanci, wadda ta bi sawun Shehu tun daga yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, zuwa hijira da yaƙe-yaƙe, zuwa zamanin Bello. Hausawa da Waƙar Gewaye suka san ta. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne Isa ne ya mayar da ita Hausa a 1865, bayan rasuwar Nana. Tsarin labarin nata ne, amma zaɓen kalmomin Hausa da daidaita su da kari aikin Isa ne, kuma duk mai nazarin salon Hausarta da ya ɗauko misalansa daga Gewaye kaɗai, salon ƙaninta yake nazari.

Akwai wani maimaici a wannan waƙa wanda ya wuce na kalma. Ta tsara rayuwar Shehu bisa zubin rayuwar Annabi: kira, tsanantawar masu mulki, hijira, mubaya'a, yaƙin farko da ƴan kaɗan suka rinjayi masu yawa, jarrabawa, sannan buɗi. Matar da ta haddace Kiran Ahmada, in ta ji Gewaye, za ta ji Gudu tana amsa Madina, Kwatto tana amsa Badar, kamar yadda ɗango na biyu yake amsa na farko. Wannan kwatanci Abdullahi ɗan Fodiyo ya riga ya yi shi a waƙoƙinsa na Larabci, Nana ce ta kai shi tsakar gida. Ta fuskar fasaha abin sha'awa ne. Ta fuskar tarihi kuwa yana da farashi, domin zubin da ya ba Jama'a matsayin Sahabbai bai bar wa Gobirawa da Katsinawa wani gurbi ba sai na Ƙuraishawa. Waƙarta ta Gawakuke, wadda ta yi da Fulatanci a 1856, shekara ashirin bayan yaƙin, a kan wannan turba take. Ta ba da labarin ƙishirwar da ta kama runduna a hanya da karamar samun ruwa a hannun Bello, ta ambaci sarakunan da suka faɗi. Lokacin da take rubuta ta yaƙin bai zama tsohon labari ba: Sarkin Musulmi Atiku ya rasu a 1842 a kan hanyar komowa daga yaƙi da Tsibiri, mahayan Maraɗi kuma ba su daina kai hari cikin daular ba. Labarin ɓangarenmu makaɗan fada da maroƙa ne suka riƙe shi, cikin kirari da take, da nasu irin kari da amshi. Ajiye waɗannan biyun gefe da gefe aiki ne da ya fi dacewa da ɗaliban wannan yanki.

Sai batun da na fara da shi, na kunne. Hausar Nana da Isa Sakkwatanci ce, ƴar'uwar Gobiranci da Katsinancin Maraɗi. Inda daidaitacciyar Hausa take cewa suka, muka, aka, su sunka, munka, anka suke cewa, kamar yadda ake faɗa a kasuwar Madarunfa har gobe. Suka gaɓa biyu ce sassauƙa, sunka kuwa mai nauyi ce da sassauƙa. Inda Bakano zai ce da ya zo, da gajeren ya, Basakkwace yaz zo zai ce, gaɓar ta yi nauyi. A waƙar labari, wadda kusan kowane baiti yake ɗauke da irin wannan aikatau na abin da ya wuce, bambancin ba ƙarami ba ne. Duk mai juya rubutun ajami zuwa boko da ya gyara sunka ta koma suka, da niyyar daidaitawa, ya karya ƙafa, wani kuma ya zo daga baya ya ɗora wa mawaƙiya laifin illa. Ƙari a kan haka, ajami yana nuna tsawon wasali da alifi da wawu da ya, boko kuwa ba ya nunawa. Wanda zai yanka baitin Nana ya auna, gara ya nemi hoton rubutun ajami, in bai samu ba ya rera da bakin kakarsa.

Shekarunta na ƙarshe marsiyyoyi suka fi yawa a cikinsu. Giɗaɗo ya rasu, aminiyarta A'isha ta bi, ta yi wa kowannensu waƙa. Ba manya kaɗai ta yi wa ba, akwai wadda ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai sulhunta dangi. Ta yi waƙar roƙon ruwa da Hausa a shekarar fari, ta kuma yi wa wani malamin Shingiɗi da ya biyo ta Sakkwato maraba da waƙar Larabci. Yawancin waɗannan ƙwar biyu ne, suna buɗewa da godiya ga Allah da salati, suna rufewa da salati da ramzi. Ramzi kalma ce da ake ƙirƙira wadda lissafin harufanta yake ba da shekarar Hijira. A lissafin Magariba, wanda malaman ƙasar nan suke bi, shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu, shi ya sa harufan nan biyu suke yawan fitowa a ramzin waƙoƙin ƙarni na goma sha uku. Ita ma kalmar ramzin dole ta shiga kari. Albarkacin wannan al'ada ne aka iya jera ayyukanta shekara bi shekara, abin da ba a samu ga mawaƙan baka na zamaninta ba.

Ta rasu a 1864, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar ƴan taru. Takardunta sun zauna a gidan Waziri, hannu zuwa hannu, har zuwa kan Waziri Junaidu, ɗaya daga cikin zuriyarta, wanda ya buɗe wa Jean Boyd taskarsa. Daga nan aka sami littafin tarihinta na 1989, da kuma kundin ayyukanta kimanin sittin da Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, ɗauke da fassarar Ingilishi da matanin boko da hotunan rubutun ajami.